Tseren Babura Daga Saman Rufi

Jiya da hantsi na ga biyu daga cikinku a saman wani gini a unguwar Aziziyya nan Jidda, kun ɗaura dish kun sauka kafin shayin da ke hannuna ya huce. Ɗaya ya rataya mita a wuya, ɗaya yana hira a waya, yana juya farantin da hannu guda. Mita ta yi ƙara, kuka ɗaure, halas. Ban ga wanda ya naɗe bakin waya ba, ban ga wanda ya girgiza ƙarfen ya ji ko bango ya riƙe shi ba. Da na yi magana sai dogon cikinku ya ce mini, "Ammu Idi, wannan shugul ai ko da ido a rufe ana yin sa." To madalla. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, in gaya muku yadda muka yi shi da ido a buɗe.

Ni daga Maraɗi na zo da niyyar hajji, ba ni da komai sai karatun firamare da hannu biyu. Bayan an gama aikin hajji wani ɗan garinmu ya kai ni Hindawiyya wajen Usta Bala, wani Bahaushen Sudan mai ɗaura eriya. Lokacin ba a san dish ba. Eriya ce kawai mai kama da ƙashin kifi, a kan dogon bututu. Tashar gari ba ta da wuyar kamu. Abin da mutane ke so shi ne tashar Masar da ke tsallaken teku, ita kuwa ba ta zuwa sai ranar da iska ta cika da danshi, irin ranar da riga ke manne wa mutum a baya. Ranar da iska ta bushe sai hoto ya ɓace, mai gida ya zo shago yana cewa mun cuce shi. Ka je ka yi wa mutum bayanin cewa laifin iska ne, ka ga ko zai yarda.

Aikina na farko a wani tsohon gida ne mai matsattsiyar matakala. Na hau da bututu a kafaɗa, da igiya, da jakar kayan aiki: spana manya da ƙanana, filaya, guduma, sukudireba, da gwangwanin giris. Usta Bala ya zauna a ɗaki gaban talabijin da kofin shayi, ni ina sama ina juya bututu. Maganarmu ta manwar take bi, wato ramin nan da ake bari a tsakiyar gini don haske da iska. Sai in ji muryarsa tana hawowa: "Dama! Dama kaɗan! Kai Idi, na ce kaɗan, ka tafi Habasha! Koma!" Da hoto ya zauna na ɗaure, na ce na gama. Ya hawo a hankali, ya kama bututun ya sake masa nauyinsa duka. Bututu ya motsa. Ya ɗauki spana ya kwance duk abin da na ɗaure, ya miƙo mini, ya koma wajen shayinsa.

Haka yake koyarwa, ba da baki ba. A wajensa na san cewa babban abokin gabarmu a Jidda gishirin teku ne. Duk notin da ba ka shafa wa giris ba, baɗi da guduma za ka cire shi. Duk bakin wayar da ba ka naɗe ba, kuma daga ƙasa zuwa sama don raɓa ta zame, wata kaɗan zai yi kore daga ciki. Daga nan na ɗauki halin da har yau ake yi mini tsiya a kansa: in na sauka daga rufi sai in fara shakka ko na ɗaure na ƙarshe, in koma in duba. Akwai wani mai gida a Aziziyya da ya gaji da ni, har ya ce wa mai gadinsa in na sake dawowa a ce mini sun tashi. Amma eriyarsa ta fi ta maƙwabtansa daɗewa a tsaye, shi ma ya sani.

Dish na farko da muka ɗaura, faɗinsa ya kai ƙaramin ɗaki. Gunduwa-gunduwa muka hau da shi, muka haɗa a sama, muka zuba wa ƙafarsa siminti muka jira ya bushe. Ba irin faifan nan naku ba ne da ke kallon wuri ɗaya. Shi juyawa yake yi daga gabas zuwa yamma yana bin taurarin ɗan'adam, kuma abin da ke tura shi wani hannun ƙarfe ne mai mota a ciki, muna ce masa jak. In ƙafar dish ta karkace da kaurin farce, za ka sami tauraron gabas ka rasa na yamma. Ba mu da mita. Risibar mai gida da ƙaramar talabijin muke hawa da su sama, mu yi musu rumfa da kwali don rana, muna turawa muna kallo. Ga kwastomomi iri-iri. Wani ya ce yana son duk tashoshin duniya. Wani ya ce labarai da karatu kawai, a toshe sauran, mako na zagayowa ya aiko a ɓoye a buɗe masa ta ƙwallo. Wani kuma sai ka gama ya ce dish ɗin ya tare wa tantabarunsa hanya, a matsar.

Sai shekarar da aka hana dish ta zo. Aka ce ba sayarwa, ba ɗaurawa. Masu shi ba su cire ba, sai suka kira magina suka zagaye shi da bulo don kada a hango daga titi. Magina suka sami shekara mai kyau, mu muka sami akasinta. Shagonmu ya koma sayar da batir da ƙwan fitila. Usta Bala ya haɗa kayansa ya koma Sudan, ya bar mini jakarsa. Na koma wanke na'urar sanyaya ɗaki gida-gida, ina ɗan gyaran dish in wanda na sani ya kira, ina hawa ina waige. Ana cikin haka kafilinmu, mai shagon da zamanmu a ƙasar ke ƙarƙashin sunansa, ya kira ni ya ce zai rufe shagon gaba ɗaya. Iƙamata, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, kuma ba zai sabunta ba. Ko in sami wanda zai karɓi kafalata, ya zama sabon kafilina, kafin iƙamar ta mutu, ko in fita. Ta matata da ta 'ya'yana duk a jikin tawa suke, yaran kuwa a nan aka haife su, suna makaranta, ba wanda ya taɓa ganin Maraɗi. Na zaga duk wanda na sani. Kowa ya ji sana'ata sai ya ce Allah ya kawo sauƙi.

A wannan hali ne aka haɗa ni da Abu Faisal. Bahaushe ne haihuwar Jidda, ɗan ƙasa, yana da shagon kayan wuta a unguwar Safa, kuma mai yi masa gyara ya tafi. Hausarsa rabi Larabci ce. Ba abin da ya dame shi a duniya kamar tseren manyan babura da Turawa ke yi, irin waɗanda mahayinsu ke kwanciya a kwana har gwiwa ta gogi ƙasa. Shi da abokansa su ma suna da nasu, dabbab suke ce musu, suna fita da su bakin teku ranar Alhamis. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar zan yi jarrabawa. Gasar ba ta yini ɗaya ba ce, shekara ake yi ana yawo ƙasa-ƙasa ana tara maki. Kowane wuri kwana uku: Juma'a gwaji, Asabar a fitar da wanda zai tsaya a gaba, Lahadi a yi tsere sau biyu. Wannan makon shi ne na ƙarshe, kuma mutum biyu suka rage a kan kofi. Ɗaya ya manyanta, yana hawan jan babur, su Abu Faisal sun sa masa Shayib, wato tsoho. Ɗayan sabon jini ne, suna ce masa Walad, wato yaro. Shayib ne a gaba da ɗan maki kaɗan. Abu Faisal na Shayib ne har zuci, amininsa Khalid kuwa na Walad, kuma sun shekara suna yi wa juna gori.

Matsalar ita ce tun da aka yi wa dish ɗinsa katanga tashar tseren ta ɓace. A gidan wani suke zuwa kallo, mai gidan kuma ya yi tafiya.

"Isma, ya mu'allim," in ji shi. "Ka dawo mini da tashar nan. In na ga tseren Lahadi daga farko har ƙarshe, sura, wato hoto, ba ta yanke ba, kafalarka a kaina. Wallahi."

Na ce, "Ba ta yanke ba ko sau ɗaya?"

"Wala marra. Ko sau ɗaya."

Wataƙila shi a bakinsa magana ce kawai. Ni da ita na kwana.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na hau rufin tare da mai gadin ginin, Musa, wani mutumin Chadi mai son taimako fiye da yadda ake buƙata. Kallo ɗaya na gane ciwon. Tauraron da ke ɗauke da tashar can yamma yake, ƙasa-ƙasa ta wajen teku, magini kuwa ya ja katangarsa har ta wuce kan dish. Sun ɓoye shi daga titi, sun kuma ɓoye shi daga abin da aka saye shi ya gani. Na ce wa Musa sai an cire layi biyu na bulo a kusurwar yamma.

Ya dafe kai. "Malam, ka rufa mini asiri. Mai gini ya ce in aka hango ko gefensa daga titi, ni da aikina."

Ni ma ba son a hango nake ba, mai iƙama a bakin mutuwa ba ya neman a tambaye shi me yake yi a rufi. Na zauna na yi tunani, sai na tuna busasshen ƙyalle ba ya tare sigina. Muka cire bulon, muka ja igiyar shanya a gurbin, Abu Faisal ya ba da wani tsohon zanen gado muka rataya. Daga titi shanya ce kawai. Na hau da risiba na tura dish yamma a hankali, sai ga babura sun fito tar, suna kwanciya a kwana. Amma na lura da abu biyu da ba su yi mini daɗi ba. Siginar siririya ce, in dish ya gusa da kaurin yatsa ta tafi. Jak kuma yana wani gurnani in ya kai ƙarshen yamma, haƙoransa sun cinye. Na je Hindawiyya wajen wani da ke sayar da irinsa a bayan shago, ya ce babu, in dawo tsakiyar mako. Na dawo na ce wa Abu Faisal, don Allah don Annabi, kada kowa ya juya dish ɗin nan daga inda na bar shi sai an gama. Ya ce, "Abshir, ba mai taɓawa."

Asabar da Lahadi ranakun aiki ne a nan, amma duk abokan suka sami uzuri. Khalid ciwon haƙori ya kama shi na kwana biyu daidai. Ranar Asabar ina wani gida ina wanke na'ura aka aiko in zo maza, hoto ya mutu ana tsakiyar fitar da na gaba. Na bar aikin mutane a kwance na ruga. Duk hanya ina lissafin abin da na manta: ko bakin waya, ko noti, ko jak ya saki. Na hau sama na tarar da zanen gado yana ɗigar ruwa, Musa na tsaye gefe yana murmushi.

"Na ga ya yi ƙura ne, Malam. Na ce wa zai yarda shanya ce in zanen ya yi datti? Sai na wanke."

Ta wani gefen yana da gaskiya. Na cire jiƙaƙƙen, na tuɓe rigata ta sama na rataya a wurin, hoto ya dawo. Ta manwar na ji Abu Faisal yana ihu Shayib ya sami gaba. Ya leƙo ya ce, "Ta yau ba a lissafa, ya mu'allim. Amma bukra, gobe Lahadi, ka ji ko?" Na ce na ji.

Ranar Lahadi tun da safe ina rufin. Na bi waya daga sama har ƙasa da hannu, na sake naɗe abin da na riga na naɗe, na roƙi Musa kada ya wanke komai a ginin nan sai gobe. Bayan Azahar aka yi tsere na farko. Ban shiga ɗakin ba, na zauna a inuwar tankin ruwa ina gadin zane. Daga muryoyinsu na bi tseren. In na ji Abu Faisal yana "Yalla ya Shayib, yalla!" to jan babur na gaba. In na ji tafi da dariya mai kamar tari, Khalid ne, Walad ya wuce. Tafin ne ya yi yawa a ƙarshe. Walad ya ci, Shayib ya zo a baya, makin ya kusa zama ɗaya. Aka ce yanzu magana ta ƙare: duk wanda ya riga ɗan'uwansa a tsere na biyu, kofi nasa. Hoto bai ko girgiza ba. Na yi La'asar a masallacin unguwa, na dawo da ɗan sanyi a rai.

Ina hawa matakala na ji gurnanin jak. Na ƙarasa da gudu na ga dish yana tafiya gabas. Khalid ne, daɗin nasara ya ɗebe shi, ya ce bari ya leƙa sakamakon ƙwallo a wani tauraro kafin a dawo. Da suka danna ya koma yamma, ya taho rabin hanya, jak ya yi ƙara kamar an taka gwangwani, ya tsaya. Mota na juyawa, hannu ba ya motsi.

Suka hawo su duka. Abu Faisal yana zagin Khalid da Larabci, Khalid yana cewa shi sau ɗaya kawai ya danna. Ni ban da lokacin shari'a. Na ɗauki spana na kwance jak ɗin gaba ɗaya, na tura dish da hannu zuwa yamma, na ce su sauka su gaya mini in hoto ya zo. Ya zo. Na ɗaure da igiya ta gefe biyu, na tokare da bulo. Amma iskar yamma ta riga ta taso daga teku, irin wadda ke zuwa tana tafiya. In ta bugo, igiya ta miƙe kaɗan, hoto ya tafi. In na ƙara ɗaurewa, ta lafa, dish ya wuce wurin. Igiya ba ta san lokacin da za ta tura da lokacin da za ta sassauta ba. Sai na shiga bayan dish ɗin, na kafa ƙafa a gindin katanga, na sa kafaɗar dama a ƙarfen.

"Ja! Ya zo!" in ji Abu Faisal ta manwar. "Bas! Haka! Kada ka motsa, ya mu'allim, kada ka saki sai na ce halas. Har ba da kofi nake so in gani!"

Ƙarfen ya sha rana tun safe, na ji shi ta cikin riga kamar dutsen guga. Aka fara tsere. Ku da kuke cewa aikin nan ba wuya, ku gwada tsayawa a karkace kuna karanta iska da fatar wuya, kuna turawa kafin ta iso, kuna sakin nauyi kafin ta wuce. Gumi ya shiga mini ido, ba hannun sharewa. Ƙuda ya sami hancina ya zauna. A ƙasa kuwa sai ihu. Abu Faisal ya yi, Khalid ya karɓa, Abu Faisal ya sake karɓewa. Wani ya ce sun gogi juna. Wani ya ce tayar Shayib ta fara gajiya, Abu Faisal ya ce bakinsa ya sari dutse. Ni tun ina jin kafaɗar tana zafi har na daina jin ta. Musa ya hawo da gorar ruwa ya kafa mini a baki.

"Malam, kawo in karɓe ka."

Na tuna zanen gado, na ce ya bar shi, na gode.

Rana ta faɗa teku ana cikin haka. Ladanin masallacin unguwa ya ɗaga murya, kusa ƙwarai, lasifikar tana kallon rufinmu. Ni kuwa tun ina yaro in na ji kiran sallah jikina ke saki in amsa. Kafin in ankara kafaɗata ta sassauta. Na ji ihu daga ƙasa, "Rah! Rah! Sura ta tafi!" Na mayar da sauri, na ji an ce ta dawo, sai kuma wata irin hayaniya ta tashi, kowa na magana ba mai jin wani. Ta yanke, kuma ni na yanke ta.

Musa ya ce, "Malam, an kira."

Na ce, "Na ji."

"To ni na tafi."

Hayaniyar ta ɗan ci gaba, sannan ta lafa, sannan tsit. Na ce a raina zagayen ƙarshe ne, numfashi suka riƙe. Ko kuma kofin ake bayarwa. Ba wanda ya ce halas. Na kira Abu Faisal a hankali, don in na ɗaga murya ƙirjina zai motsa dish. Shiru. Aka ta da iƙama. Liman ya yi Fatiha ya ja sura, ya yi raka'a ta biyu, ya yi shiru a ta uku, ya sallame, duk a kunnena. Tunda na zo garin nan ban taɓa jin jam'in Magariba ina tsaye a wajen sahu da lafiyata ba. Na dinga leƙen jan da ke yamma ta gefen zane, ina auna nawa ya rage kafin lokaci ya fita. In na saki, na yanke hoto sau biyu. In ban saki ba, ga abin da ke tafiya. Na ce bari in ƙara kaɗan. Na sake cewa bari in ƙara kaɗan.

Sai na ji takun mutane a matakala. Musa ne a gaba, Abu Faisal da Khalid a bayansa, kowa da danshin alwala a gemu. Ashe Musa yana sallamewa ya gan su a sahun gabansa, ya tambaye su wa suka bari a ɗakin.

Abu Faisal ya tsaya ya riƙe baki. "La ilaha illallah! Kai lissa kana nan?"

Na ce, "Ba ka ce halas ba."

"Ya shekh, tsere ya ƙare tun ladan bai gama ba! Mun kashe talabijin mun tafi!"

Khalid ya jingina da tanki yana dariyar nan tasa mai kamar tari. Na tambaya wa ya ci, don in san irin fuskar da zan tarar. Khalid ya buga ƙirji. Walad ya ɗauki kofi. Shayib yana gaba har kusa da ƙarshe, ya shiga kwana da ƙarfi, babur ya zame da shi cikin tsakuwa. Ya tashi da ƙafarsa, amma shekara ta tafi.

Abu Faisal ya dube ni fuska a murtuke. "Ka yi Magariba?"

"Da wace kafaɗar?"

"Ni fa ba na ɗaukar kafalar mutumin da ke barin jam'i saboda tseren dabbab."

Khalid ya zame ƙasa don dariya, Musa ma ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ni ban ga abin dariya ba. Na ce, "Abu Faisal, bar wasa. Hoton ya yanke, na sani. Sau ɗaya, da aka kira sallah. Gaya mini matsayina."

Ya share fuska da gefen gutrarsa, mayafin nan na kansa. "Ya yanke," in ji shi. "Shayib na shiga kwanar nan sura ta tafi. Da ta dawo yana tsaye a tsakuwa yana kaɗe jiki. Ban ga faɗuwarsa ba, wannan la'ananne ma bai gani ba, balle ya shekara yana kwatanta mini. Yau duk ba wanda ya yi mini alheri sai kai. Bukra ka kawo iƙamarka da ta iyali shago. Yanzu saki abin nan ka yi sallah. Halas, ya mu'allim, halas!"

Na janye kafaɗa, dish ya sunkuya gefe. Hannun dama ya ƙi tashi, sai Musa ne ya zuba mini ruwa a famfon tanki na yi alwala da hagu. Na shimfiɗa kwali na fuskanci gabas da sauran ja kaɗan a bayana. Da na zo kabbara hannu ɗaya ne ya kai kunne, ɗayan ya tsaya a ƙugu, haka na yi ta.

Ina sallamewa na ga Abu Faisal tsaye gaban dish ɗin, ya riƙe haɓa yana nazari.

"Ka san wani abu?" in ji shi. "Wallahi surar ta fi kyau da kake riƙe da shi. Ko Khalid ya lura. Gasar baɗi in an fara..."

Na ce, "Abu Faisal, don girman Allah, a sayi jak."